Sabuwar mita a kan tsohuwar waya: tambayoyinku na wannan mako

Malam, za a cire mini tsohuwar mita a sa ta kati. Mai wayarin ya ce sai na sauya wayar da ta taso daga mita zuwa akwatin bireka. Ni kuwa ina ganin neman kuɗi ne, don tun 1995 take aiki lafiya. Daga wani Alhaji, Ƙofar Ƙaura.

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma a 1995 ƙwan fitila da fanka da rediyo kawai wayar nan take ɗauka. Yau fa? Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi tana jan kusan amfiya 6 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da na'ura ke ja), dutsen guga 5, risho na lantarki mai wat 2,000 kusan 9, ga firij ga famfon rijiyar burtsatse. An haura 20 ke nan. Idan wayarka mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ce, kamar yadda ake samu a tsofaffin gidaje da yawa, ta kai maƙura. Daga mita zuwa akwati a sa tagulla milimita 10, in da hali 16. Cikin gida kuwa 1.5 na fitilu ne, 2.5 na soket, 4 na na'urar sanyi da hita, kowane layi da birekarsa daidai ƙarfinsa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne haɗi. Wayar da ke saukowa daga falwaya galibi alminiyam ce, ta gida tagulla, sai a murɗe su tare a naɗe da salatif a ce an gama. Alminiyam ya fi tagulla buɗewa idan ya ji zafi, yana kuma yin wata fata-fata da ba ta wuce da wuta. Damina ta zo, laima ta shiga, haɗin ya saki, ya fara zafi. Alamarsa salatif ya narke ya yi ƙyalli, roba ta yi baƙi, fitila na kyaftawa duk lokacin da firij ya tashi. In haɗin yana bayan mita, katinka ne ke biyan kuɗin wannan zafin. Akwai mahaɗi mai kusoshi da aka yi musamman domin ƙarfen biyu, shi za a sa.

A kasuwa kuma ka kankare bakin wayar da wuƙa kafin ka biya. Idan ja ya tafi fari ya bayyana, alminiyam ce aka shafa wa tagulla, ka ajiye musu kayansu. Kada a manta da sandar tagulla da ake kafawa a ƙasa, da bireka mai katse wuta idan ta zurare, ta miliamfiya 30. Ita mitar, ma'aikatan KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki, ne ke ɗaura ta su sa hatimi. Mai wayarinka ya tsaya daga bayanta; ɓalle hatimi tara ce.

Idan an ɗauke wuta, ƙaramar na'urar loda kati ba ta kamawa. Daga wata Hajiya, Daura.

Hajiya, batir ne. Buɗe bayanta ki sa sababbi. Idan irin wadda ake sokawa a soket ce, sai a layin mita take jin magana, ba a kan janareta ko sola ba. Ki mayar da makunnin canji wajen NEPA tukuna.

Na sa lambobi 20 ɗin katin da na saya sau uku, mita tana ƙi.

In mitar ta daɗe a ajiye, wataƙila ba a sabunta ta ba kafin wa'adin sabunta mitocin kati na 24 ga Nuwamba 2024. Je ofis da lambar mitar a ba ka lambobin sauya makulli guda biyu, ka sa su bi da bi, sannan katin. In sabuwa ce fil, duba rasit, mai yiwuwa tsohuwar mitar ka saya wa.

Katina na ƙarewa da wuri tun da aka sa sabuwar mita.

Kashe duk birekokin gida ka tsaya gaban mita minti biyar. Idan jar fitilarta ta ci gaba da kyaftawa, ko dai wuta na zurarewa tsakanin mita da akwati, ko maƙwabci na shan shayi da kuɗinka. Idan ta tsaya cak, ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har ka gano layin da ke cinye katin. Yawanci hita ce.