Dalilin da ciwon ƙirji ke dawowa ga mai sistik faibirosis

Hajiya, kin tambaya ko raunin garkuwar jiki ne ke sa ɗanki mai sistik faibirosis (cutar gado da ke sa majina ta yi kauri a huhu) yawan ciwon ƙirji. Garkuwar tana aiki, har ma tana wuce gona da iri.

Matsalar daga ƙwayar gado ta CFTR take, wadda aka gano a 1989, kuma yaro yana gadon lalurar daga uwa da uba kamar sikila. Idan ƙwayar gadon ta samu tangarɗa, gishiri da ruwa ba sa isa hanyoyin numfashi yadda ya kamata, sai majina ta yi kauri ta manne, ƙwayoyin cuta irin su Pseudomonas su samu mafakar da magani ke wahalar kaiwa. Fararen ƙwayoyin jini sukan yi tururuwa zuwa wurin, amma sinadaran da suke saki suna cin naman huhun, matattunsu kuma suna ƙara wa majinar danƙo.

Saboda haka kada ki bar bubbuga masa ƙirji da bayansa kullum don majinar ta saki ta fito, tafinki a lanƙwashe kamar ƙoƙo, musamman lokacin hazo a nan Kaduna. Idan tarin ya canza, a gwada majinar a asibiti kafin a sayi magani a kemis.