Ons Jabeur ba ta ci babban kofi ba, to me ya sa ake ji da ita?

Tambaya: Malam, na lura duk lokacin da ake hirar tanis na mata a Afirka sai an kawo sunan Ons Jabeur 'yar Tunisiya. Da na duba sai na ga ba ta taɓa cin ko ɗaya daga manyan gasanni huɗu ba. Zuzutawa ce kawai, ko akwai abin da ban gani ba? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Ƙanwata, abin da kika gani gaskiya ne. Sau uku ta kai wasan ƙarshe, sau uku aka kayar da ita. Amma kafin ki yanke hukunci, duba inda ta taso.

An haife ta a 1994 a Ksar Hellal, ta girma a yankin Sousse. Mahaifiyarta ce ta fara kai ta filin tanis tana 'yar shekara uku. Kulob ɗinsu ba shi da filin kansa, don haka a filayen otal-otal na 'yan yawon buɗe ido take atisaye. Tana shekara 12 ta koma makarantar wasanni a birnin Tunis, a 2011 kuma ta ci gasar Faransa ta matasa, bayan ta doke Monica Puig.

Daga nan ne wahalar ta soma, kuma nan ne masu kallo ba su cika lura ba. Tanis ba ƙwallon ƙafa ba ne, babu kulob mai biyan albashi. 'Yar wasa ce ke biyan kuɗin jirgi da masauki da mai horarwa, a ƙananan gasanni kuma ladan da ake samu wani lokaci bai kai abin da aka kashe ba. Sai da Jabeur ta yi shekara shida tana wannan fafutuka kafin ta shiga sahun ɗari na farko a 2017. Mutanen gidanta ta riƙe: Issam Jellali ɗan ƙasarsu ya zama kocinta, mijinta Karim Kamoun kuma shi ke kula da motsa jikinta.

Da ƙofa ta buɗe, abin ya zo a jere. A 2021 ta ci kofin Birmingham, Balarabiya ta farko da ta ci gasar WTA, wato ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan tanis mata ta duniya. A 2022 ta ɗauki na Madrid, ta hau matsayi na biyu a duniya. Babu ɗan Afirka ko Balarabe, mace ko namiji, da ya taɓa kaiwa nan a jadawalin 'yan wasan ɗaiɗaiku.

Ni dai salonta ne ya fi jan hankalina. Ba doguwa ba ce, ba ta dogara da ƙarfi. Za ta ɗaga raket kamar za ta maka ƙwallo can ƙarshen fili, abokiyar karawa ta ja baya, sai ta sassauta hannu ta ɗan shafo ƙasan ƙwallon, ya faɗi dab da raga ya ƙi tashi. Dabara ce mai daɗin kallo, sai dai tana buƙatar natsuwa, ranar da hannu ya yi rawa kuwa ta tashi aiki.

Wasan ƙarshe na Wimbledon, ɗaya daga manyan gasannin huɗu, a 2022 ya faɗo ranar Babbar Sallah. Ta ci turmin farko, Elena Rybakina ta kwashe biyun da suka rage. Bayan wata biyu Iga Swiatek ta doke ta a wasan ƙarshe na babbar gasar Amurka, wannan kam an fi ta ne. Wanda nake ganin ta saki da hannunta shi ne Wimbledon na 2023. Ta riga ta fitar da Rybakina da Aryna Sabalenka, saura Marketa Vondrousova wadda ba ta ma cikin jerin gwanayen gasar. Jabeur na gaba da 4-2 a turmin farko, da 3-1 a na biyu, duka suka kuɓuce, aka tashi 6-4, 6-4. Nauyin fatan nahiya guda ne ya danne ta, a ganina. Tana kuka ta karɓi farantin na biyu.

A Tunisiya Ministar Farin Ciki suke kiran ta. Ciwon gwiwa da na kafaɗa sun matsa mata daga baya, a watan Yulin 2025 ta sanar da cewa za ta ɗan huta da wasa.