Tambaya da Amsa: Intanet ta Tauraron Ɗan Adam Tana Jan Ƙafa, Kamfani Kuma Ya Yi Kunnen Uwar Shegu

Tambaya: Bayan gaisuwa da fatan alheri. Wata takwas ke nan da na sa intanet ta tauraron ɗan Adam a gidana, aka yi mini alkawarin gudun megabit 100 a daƙiƙa. Da safe ba ni da ƙorafi, amma da zarar rana ta faɗi, ko ɗan gajeren bidiyo sai ya tsaya yana ta juyi. Na kira kamfanin sau biyar, kullum amsar ɗaya ce: in kashe rauta, wato na'urar da ke raba intanet a cikin gida, in sake kunnawa. Shin laifin na'urata ne, ko kuwa cutata aka yi?
Wani mai karatu

Amsa: Malam, tun da ka ce da dare ne abin yake lalacewa, ka riga ka kama bakin zaren. Na'urar da ta samu matsala ba ta duba agogo. Tauraron yana aika saƙonsa ne zuwa yanki guda mai faɗi, kuma duk masu rajista a yankin ƙarfi ɗaya suke rabawa. Idan kowa ya dawo gida ya kunna bidiyo, rabon kowa sai ya ragu, kuma idan kamfanin ya ɗibi mutanen da suka fi ƙarfin abin da ya tanada, to kashe rauta sau ɗari ba zai gyara komai ba.

Ka koma ga takardar yarjejeniyarka. Kusan tabbas za ka tarar an rubuta "har zuwa" megabit 100, wato ƙololuwar gudun ke nan, ba abin da aka ba ka tabbacinsa ba. Ka kuma nemi sharaɗin ƙayyade data, domin kamfanoni da yawa suna rage wa mutum gudu, ko su mayar da shi bayan layi lokacin cunkoso, da zarar ya cinye kason watansa. Idan jan ƙafar ya fi tsanani a ƙarshen wata, wannan ne dalili. Kada kuma lissafi ya ruɗe ka: megabit 8 ne ke yin megabayit 1, don haka megabit 100 ba ta wuce megabayit 12.5 a daƙiƙa lokacin sauke fayil.

Akwai wani jinkirin da ba laifin kowa ba ne. Taurarin da ke tsaye a saitin wuri ɗaya, irin na kamfanonin HughesNet da Viasat, suna nisan kusan kilomita 35,786 daga doron ƙasa. Duk abin da ka latsa sai ya hau, ya sauka a tashar kamfani, amsarsa ta sake hawa ta sauko, kuma wannan tafiya huɗu tana cin fiye da rabin daƙiƙa. Shi ya sa a kiran bidiyo kake jin kuna ta katse wa juna magana. Taurarin kamfanin Starlink suna nisan 'yan ɗaruruwan kilomita ne kawai, don haka jinkirinsu kaɗan ne, sai dai su ma cunkoso bai bar su ba.

Batun masu amsa waya kuwa, yawancinsu rubutattun matakai aka ba su, ba su da ikon wuce su, don haka faɗa da su ɓata numfashi ne. Ka haɗa kwamfutarka da rauta ta waya, ba ta Wi-Fi ba, domin kada a ɗora laifin a kan bangon gidanka. Ka auna gudun sau uku a rana har mako guda, safe da rana da dare, kana ɗaukar hoton sakamakon. Daga nan ka aika ƙorafi a rubuce tare da hotunan, ka karɓi lambar ƙorafin, ka nemi a miƙa shi ga sashen injiniyoyi, kuma ka faɗi abin da kake so ƙarara: gyara, ragin kuɗi, ko soke yarjejeniya ba tare da tara ba. Idan sun yi shiru, ka kai wa hukumar kula da sadarwa ta ƙasarka wannan tarin hujja.

Tambaya: Ni kuma duk lokacin da aka yi ruwan sama mai ƙarfi intanet ɗina take ɗaukewa. Idan na koma tsari mai tsada zai daina?
Wata mai karatu

Amsa: Malama, ki riƙe kuɗinki. Ɗigon ruwa yana shanye zangon rediyon da waɗannan taurari suke aika saƙo da shi, musamman nau'in da ake kira Ku da Ka, kuma tsari mai tsada ta wannan sararin zai biyo. Idan tana dawowa da zarar hadarin ya wuce, babu abin gyara. Amma idan yayyafi ma yana ɗauke ta, a duba ko iska ta karkatar da farantin, ko reshen bishiya ya tare shi, ko ruwa ya shiga mahaɗin wayar da ke bayansa.