Amsoshin Tambayoyinku: Zaɓen Sandunan Kariya Don Motar Zuwa Kwana a Daji

Tambaya: Ni da iyalina mukan fita kwana a daji lokacin hutu, kuma but ɗin motarmu ya daina wadatar da kayanmu. Na ga sandunan kariya, wato waɗanda ake ɗaurawa a rufin mota domin ɗora kaya, da aka rubuta a kwalinsu cewa suna ɗaukar kilo 100, ina kuma son in ɗora musu tanti irin wanda ake kafawa a saman mota. In saya ne?

Amsa: Malam, ka dakata tukuna, domin adadin da ka gani a jikin kwalin ƙarfin sandunan kawai yake nunawa, bai ce komai ba game da abin da rufin motarka zai iya ɗauka. Wannan adadi na biyu yana cikin littafin da motar ta zo da shi, kuma a yawancin ƙananan motoci yana tsakanin kilo 50 da 100, inda kilo 75 ya fi yawa. Duk wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin adadin biyu shi za ka yi aiki da shi, kuma nauyin sandunan da ƙafafunsu yana cikin lissafin. Idan rufinka na kilo 75 ne, sandunan suka ci kamar kilo 5, tantin kuma ya ci 55, to abin da ya rage maka kilo 15 ne kacal, wanda bai kai nauyin jarkar ruwa ɗaya mai lita 20 ba.

Na san za ka ce, to ta yaya manya biyu suke kwana a cikin irin wannan tanti rufin bai lotsa ba? Dalili shi ne adadin da ke cikin littafin na mota mai tafiya ne. Duk lokacin da ka taka birki da ƙarfi, ko ka sha kwana, ko taya ta faɗa rami, kayan da ke sama suna fizgar sandunan da ƙarfin da ya wuce nauyinsu na asali, kuma suna sa motar ta riƙa rinjaya gefe. Idan mota tana tsaye babu wannan fizga, shi ya sa rufin yake jure nauyin da ya ninka wancan, sannan a tanti mai naɗewa tsanin yana tallafar ɓangaren da ya fito waje. Abin da ya fi damuna da masu zuwa daji shi ne gargada. Kamfanoni irin su Rhino-Rack na ƙasar Ostireliya sukan umarci masu amfani da wasu samfuran sandunansu da su rage kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin da zarar an sauka daga kwalta, wato kilo 75 ya koma 50, kuma da wannan lissafi tantin da muka yi misali da shi ya riga ya wuce iyaka. Idan haka lissafinka ya fito, shawarata ita ce ka riƙe tantinka na ƙasa, ka bar wa saman motar kaya masu girma marasa nauyi, kamar katifu da barguna da kujerun naɗewa, ruwa da tukunyar gas kuwa su zauna a ƙasan but.

Tambaya: Rufin motata sumul yake, babu ƙarfe ko ɗaya a kansa. Ko akwai sandunan da za su zauna masa?

Amsa: Akwai, Hajiya, amma kafin ki yanke hukuncin cewa sumul yake, ki duba bakin rufin ta kowane gefe. Motoci da dama suna da ƙananan murafu ko doguwar roba da ke ɓoye ramukan noti waɗanda kamfanin ya tanada domin wannan aiki, kuma idan suna nan, su ne mafi aminci. Idan babu, za ki sayi ƙafafun da ke maƙalewa a bakin ƙofa, kuma a nan ne nake roƙonki ki guji waɗanda ake tallata cewa suna shiga kowace mota. Lanƙwasar bakin ƙofa ta bambanta daga mota zuwa mota, shi ya sa kamfanoni kamar Thule na Suwidin da Yakima na Amurka suke ƙera maƙali na musamman bisa samfurin mota da shekararta. Maƙalin da bai dace ba yana kankare fenti, yana danne robar ƙofa har ruwan sama ya riƙa shiga, kuma yana iya zamewa a kan hanya. Ki auna tazarar da za ta kasance tsakanin sandar gaba da ta baya, ki gwada da abin da kamfanin da ya ƙera akwatin kayan saman mota ko tantin ya buƙata, domin a gajeren rufi tazarar takan yi kaɗan.

Tambaya: Wanne ya fi, sandar ƙarfe mai kusurwa huɗu ko ta alminiyam mai siffar fiffiken jirgi?

Amsa: Ta ƙarfe ta fi araha kuma tana da juriya, sai dai tana fito da kuka idan mota ta ɗauki gudu, tana kuma yin tsatsa idan robar da aka lulluɓe ta da ita ta yage. Ga mai doguwar tafiya na fi son ta alminiyam, saboda ba ta da nauyi, ƙararta kaɗan ce, kuma tana da tsagi a samanta inda ake zura notin akwati ko rumfa. Ko wacce ka zaɓa, ka sayi mai makulli, ka sake duba ɗaurin notocin bayan 'yar tafiya ta farko da kuma bayan kowace gargada, kuma ka kwance ta idan an dawo gida, domin ko babu kaya a kanta tana ƙara wa mota shan mai.