Gadar Tiriyana da girkin Sebiya: shin abin da babu nama a cikinsa ya halatta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Dakta. Ni malamin jami'a ne, kuma zan halarci taro na mako guda a birnin Sebiya na ƙasar Sifaniya, inda aka kama mini masauki a unguwar Tiriyana, daf da tsohuwar gadar ƙarfe. Wani abokin aiki ya tabbatar mini cewa tun da Andalus ƙasar Musulmi ce a da, girkinsu na Larabawa ne, don haka in na kauce wa abin da na ga nama a cikinsa ba ni da matsala. Ya kuma ce wanda ya gina hasumiyar Faris shi ya gina gadar. Hankalina bai kwanta ba, domin ba na jin harshensu, kuma ina tsoron in ci haram ban sani ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya, kuma zan fara da maganar gada domin ita ce mai sauƙi. Sunanta a hukumance gadar Isabel ta Biyu, an fara aikinta a 1845 aka buɗe ta a 1852, kuma injiniyoyi biyu 'yan Faransa, Steinacher da Bernadet, su suka tsara ta bisa samfurin wata gadar Faris da aka rushe daga baya. A shekarar da aka soma aikin, Eiffel, mai hasumiyar Faris ɗin, yana ɗan shekara 13, saboda haka wannan zance na masu yawo da baƙi ne, waɗanda duk ƙarfen da suka gani a Turai sai su jingina masa. A cikin Sebiya aka zuba ƙarfen, a masana'antar Narciso Bonaplata. Bakuna uku ne a kan ginshiƙan dutse, da zobban ƙarfe manya da ƙanana jere a tsakanin baka da daɓen gadar, kuma tun gyaran 1977 sabon daɓen ne yake ɗauke da nauyin motoci, tsofaffin bakunan sun huta. Kafin ita, kusan shekara 700 mutane suna ƙetare kogin a kan jiragen ruwa da aka ɗaure da sarƙa aka shimfiɗa katako a kansu, aikin da halifan Muwahhidun, Abu Yaƙub Yusuf, ya sa aka yi a 1171. Shi kansa sunan kogin, Guadalkibir, Wadil Kabir ne harshe ya lanƙwasa.

To a nan abokin aikinka ya samo rabin gaskiyarsa, kuma da wannan rabin ne nake fama kusan duk lokacin da baƙi Musulmi suka zo. Mulkin Musulmi a Ishbiliya, wato Sebiya, ya ƙare tun 1248. In ka sauka daga gadar ta ɓangaren Tiriyana, kasuwar abinci da za ka gani a hannun dama tana zaune ne a kan kufan gidan sarautar San Jorge, wanda kotun binciken aƙida ta coci ta yi mazauni da shi daga 1481 zuwa 1785, kuma har yanzu ragowar ginin yana nan a ƙarƙashin rumfunan. A wancan zamani, Bayahude ko Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci, ƙin cin alade kaɗai ya isa maƙwabci ya kai ƙararsa, haka ma a ga yana soya miya da man zaitun a inda wasu suke sa kitse. Cin alade a bainar jama'a ya zama shaidar cewa mutum ya bar addininsa na da, sannan tsakanin 1609 da 1614 aka kori ragowar jikokin Musulmi daga ƙasar baki ɗaya. Tukunyar da ta yi ƙarni huɗu tana dahuwa a kan wannan murhu, ba za a ce da ita girkin Larabawa ba don kawai an ga sunan wani kayan ƙamshi ya yi kama da Larabci.

Babban kuskuren shi ne dogaro da ido, da kuma dogaro da kalmar nama. A bakin yawancin masu kawo abinci a can, carne na nufin yankan nama da aka dafa ko aka gasa, amma jamón, wato cinyar alade da aka shafe da gishiri aka shanya watanni ana yankawa siriri kamar kilishi, kayan haɗi ne a wurinsu, kamar yadda mai girki a gida ba za ta lissafa daddawa cikin abin da ta dafa ba. Na taɓa zama a wani ɗan shagon abinci kusa da kogin, na tambaya ko akwai nama a cikin salmorejo, wato markaɗen tumatir da burodi da tafarnuwa da man zaitun da ake sha da sanyi, aka ce mini babu. Da kwanon ya iso, sai ga dafaffen ƙwai a marmashe a samansa tare da wasu jajayen gutsattsari ƙanana kamar tsakin barkono. Da na nuna su, mutumin ya yi mamakin mamakina, domin a ganinsa ɗan jamón ne kawai aka barbaɗa. Ba yaudarata ya yi ba, ni ne na yi tambayar da ba ta dace ba.

Wannan ma wanda ake gani ke nan. Wanda ba a gani ya fi yawa. Romon da ake dafa shinkafa da wake da miya da shi, sau da yawa da ƙashin cinyar alade da tsohon kitse aka tafasa shi. Croquetas, waɗannan 'yan dunƙule-dunƙulen soyayyu masu laushi a ciki, mafi shaharar nau'insu na jamón ne. Da safe za ka ga kasko a kan kanta cike da wani abu ja mai kama da daskararren manja ana shafawa a burodi, sunansa manteca colorá, kuma kitsen alade ne da aka rina da garin tattasai. Kayan zaƙi ma ba su tsira ba, domin mantecados da polvorones da garin Estepa ya yi suna da su, waɗanda ake naɗewa a takarda ana rabo a ƙarshen shekara, daga sunan manteca ma ka san da abin da aka kwaɓa su. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne pinchito moruno, wanda ma'anar sunansa tsiren mutanen Magrib, kamanninsa na tsire ne, yajinsa ma na can ne, amma a mafi yawan shaguna da naman alade ake yin sa. Na ga baƙon da ya yi murna da ganin sunan, har yana kiran abokan tafiyarsa. Haka solomillo da carrillada da lomo da secreto, waɗanda sunayen sassan nama ne, in ba a faɗi dabbar ba, a Sebiya ka ɗauka alade ne, kuma burodin serranito ko da na kaza ka nema, da jamón a cikinsa zai zo.

Kada kuma ka dogara da jadawalin alamomin da ke ƙasan takardar abinci. Dokar Tarayyar Turai ta 2011 ta wajabta bayyana abubuwa 14 masu tayar da borin jini, irin su gyaɗa da ƙwai da madara da riɗi da kifi, amma alade ba ya cikinsu, saboda haka shago zai iya cika duk ƙa'idar hukuma ba tare da ya ambaci kitsen da ke cikin biskit ɗinsa ba. Su kuma masu tura jerin wai abincin halal na Sifaniya a WhatsApp, yawancinsu ba su taɓa leƙa madafin ƙasar ba, kwafe suke yi daga juna.

Duk da haka ba za ka kwana da yunwa ba. Tiriyana unguwar masunta da matuƙa jirgi da maginan tukwane ce tun asali, kuma abin alfaharinta soyayyen kifi ne, pescaíto frito, da ake turmusawa a fulawa a jefa a tafasasshen mai a miƙa maka a cikin takarda. Ka nemi freiduría, shagon da sana'arsa suyar kifi, sannan ka tambaya ko a man guda suke soya croquetas. Akwai espinacas con garbanzos, alayyafo da wani wake mai zagaye da Larabawa ke kira hummus, wanda asalinsa abincin kwanakin da Kiristoci ke ƙaurace wa nama ne, sai dai ka tabbatar ba a romon ƙashi aka dafa waken ba. Akwai gazpacho, miyar tumatir da ake sha da sanyi, da wainar ƙwai da dankali, da burodin safe da man zaitun da tumatir, da tortas de aceite na Castilleja de la Cuesta da ake yi da man zaitun da riɗi. Naman sa da na kaza kuwa, ka bar su sai inda ka ga shaidar halal, irin wadda cibiyar halal ta Kurɗuba take bayarwa, ko a mahautan 'yan Maroko da ke wajen unguwar Macarena. Ka kuma lura da giya a cikin miya, domin dahuwar wutsiyar sa da ta kumatu da jan giya ake yin su.

Ka rubuta wannan a takarda ka riƙa nunawa: No como cerdo. ¿Lleva jamón, tocino, chorizo, manteca o vino? Ma'ana: Ba na cin alade. Akwai cinyar alade, ko naman alade mai kitse, ko sosij ɗin alade, ko kitsen alade, ko giya a ciki? Ka lissafa su ɗaya bayan ɗaya haka, kada ka taƙaita, kuma ka ƙara caldo, wato romo, in abin mai romo ne. Lokacin cin abincinsu ma daban ne, na rana daga ƙarfe 2 zuwa 4, na dare daga wajen ƙarfe 9, kuma tsakanin nan yawancin madafai a rufe suke. Kasuwar da ke gindin gadar da safe take ci, a can za ka sayi lemo da zaitun da tumatir da burodi ka ajiye a ɗaki saboda waɗannan sa'o'i. Allah ya kai ka lafiya, Malam, ya dawo da kai lafiya.