Kafin ka huda rumfar nan, amsa kan sa wa babur ɗin ƙanƙara dogon tirak

Habu ɗana, na ga ya fi in rubuta maka amsar nan, domin a gareji ƙarar inji ba ta barin mutum ya ƙarasa magana. Jiya ka ce da ni: "Maigida, babur ɗin ƙanƙarar da masuncin nan na tafkin Winnipeg ya kawo, tirak ɗinsa inci 121 ne, shi kuma mai 136 yake so. Me zai hana mu kwance gadon baya gaba ɗaya, mu ja shi baya, mu huda sababbin ramuka a rumfa? Ba sai an kashe kuɗi a kan ƙarin reli ba."

Tambayar ta yi mini daɗi, kuma lissafinka bai karkace ba. Tirak, wato faffaɗan bel ɗin roba mai haƙora da babur ɗin ke tafiya a kansa maimakon tayar baya, zobe ne, rabinsa yana sama rabinsa yana ƙasa, saboda haka duk abin da aka ƙara masa, rabi ne kawai tayoyin ƙarshe za su ja da baya. Tsohon yana da gaɓa 48, sabon yana da 54, tazarar kowace gaɓa inci 2.52. Gaɓa shida ke nan, inci 15 da ɗan ɗoriya, rabinsa bakwai da rabi. In ka ja gado, wato ƙarafan da tirak ke zagayewa, waɗanda ke rataye a rumfar alminiyom da ke ƙarƙashin kujera, zuwa baya da kusan haka, tirak zai shiga, zai kuma ɗaure. Amma shiga daban, aiki daban.

Fara tambayar kanka me ya sa mutumin yake son dogon tirak. Yana jan akwatin kaya a kan dusar ƙanƙara mai laushi da iska ta tara, babur yana nutsewa yana haƙa wa kansa rami. Faɗin tafin ƙafa yake nema, irin wanda ke hana raƙumi nutsewa a rairayi. To, abin da ke danne tirak a ƙasa shi ne relin nan guda biyu da ke ƙarƙashin gado. Idan gadon kawai ka matsar, relin yana nan yadda yake, ko inci ɗaya bai ƙaru ba. Robar da ya biya kuɗinta, rabi ta tafi sama cikin rumfa, rabi tana rataye a sarari tsakanin siforoket, wato wili mai haƙora da ke juya tirak daga gaba, da hancin reli. A dusa mai zurfi wannan ratayayyen yanki zai ɗan taɓa ƙasa, ba na musu, amma babu ƙarfen da ke danne shi. Wannan shi ne babban dalilina, ko da babu wani.

Akwai kuma na biyu, kuma shi ne mai haɗari. Tirak yana da tagogi, ramukan nan da ke jere inda yake gogar reli. Idan sararin da ke gaban hancin reli ya yi yawa, duk lokacin da babur ya dira daga tudu ko aka matse birki da ƙarfi, tirak yakan saki a wurin ya yi lanƙwasa, hancin reli ya faɗa cikin taga. Nan take komai ya tsaya cak, tirak ya yage, mai tuƙi ya wuce ta kan babur. Na taɓa karɓar wani babur da aka yi wa irin wannan aiki a wani wuri, sabon tirak bai yi mako biyu ba ya tsage, relin dama ya lanƙwashe kamar lauje. Mai shi ya tsira da ciwon kafaɗa, kuma a tsakiyar tafki abin ya same shi, cikin sanyin Janairu. Tun daga ranar ba na wasa da sararin nan. Akwai ƙananan tayoyi da ake ɗaurawa a hancin reli don su tare wannan, za mu sa su, amma ba su ne za su wanke aikin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba.

Na uku shi ne nauyi. Hannun gaba na gado, wato ƙarfen da ke haɗa shi da rumfa ta gaba, shi ne inda babur ke dogara idan aka danna totur, nauyi ya koma baya, takalman gaba, wato ƙafafun zamiya biyu da ake juya babur da su, su yi sauƙi. Ka ja wannan hannu baya da inci bakwai, nauyin inji da na mutum sai ya kwanta a kan takalman. Kan babur ya yi tauri, hannu ya gaji tun kafin a yi nisa, a kan hanyar da aka daddaɓe kuma takalman su riƙa bin sawun wasu suna fizgar mutum hagu da dama. A dusa mai laushi hancin babur ne zai fara nutsewa, wato abin da aka zo gyarawa ya dawo ta gaba.

Kada ka ɗauka matsar da gado ba shi da amfani. Yana da shi, in an yi kaɗan. Dubi yadda tirak ke gangarowa daga siforoket zuwa hancin reli. Idan gangarar ta miƙe tsaye, tirak yana tura dusa kamar garma. Idan ta kwanta, sai ya hau kanta. Ɗan matsarwa yana kwantar da wannan gangara, shi ya sa masu hawan tsaunuka a yammacin Kanada suke son sa. A wannan babur, ga abin da na yanke: mu ja gado inci biyu, sauran biyar da rabi a samo su daga ƙarin reli. Da za mu sami gadon 136 na hannu daga babur irinsa, da shi zan fi so, domin ƙarin reli yana barin wutsiya mai tsawo a bayan hannun baya, kuma a mahaɗar ne yakan tsage in an yi masa lodi. Ka tambaya mana wurin masu sayar da tsofaffin kaya kafin mu yi odar komai.

Wani ɗan abu da za ka lura da shi wajen awo: inci ɗaya na matsarwa ba ya cin cikakken inci biyu na tirak, yana ɗan gazawa, saboda yankin gaba a karkace yake. Ba abin damuwa ba ne, notin ɗaure tirak da ke bakin tayoyin ƙarshe zai cike gibin. Sai dai ka tsara aikin yadda notin zai tsaya kusa da farkon zarensa, don sabon tirak yana miƙewa, kuma dole a bar wurin ƙara ɗaurewa.

Yanzu batun huda, inda nake so ka nutsu. Gado yana rataye a rumfa ta wuri huɗu, biyu a kowane gefe. Tazarar da ke tsakanin ramin hannun gaba da na hannun baya ba ta canzawa ko da kaurin gashi. In ka rage ta ko ka ƙara, shokoba da sifirin za su yi aiki a kusurwar da ba a ƙera su dominta ba, gado ya cije ko ya riƙa dukan ƙarshensa. Tun kafin ka kwance komai, ka samo siririn ƙarfe miƙaƙƙe, ka huda masa ramuka biyu daidai da tsofaffin, shi ne ma'auninka na gefen hagu da na dama. Awo kuma daga tsakiyar shaf ɗin siforoket za ka ɗauko shi, tsayi daga rufin rumfa. Kada ka auna daga wurin taka ƙafa ko daga bamba, waɗannan sun sha duka, ba a yarda da su. Ka sa alama, ka auna, ka kira ni in auna, sannan a fara da ƙaramin bakin huda. Kuskuren kwata na inci a gefe ɗaya ya isa tirak ya riƙa gudu gefe har ƙarshen rayuwarsa, ba kuwa notin da zai daidaita shi.

Alminiyom ɗin rumfa siriri ne, shi kaɗai ba ya riƙe noti. Ka duba tsofaffin ramukan za ka ga faranti mai kauri da aka kafe da ribit a bayansu. Sababbin ma sai an yi musu haka, faranti mai faɗi wanda zai rufe tsohon rami da sabo tare. A baya kuma, da yake wurin taka ƙafa yana hawa sama yayin da ake zuwa wutsiya, mai yiwuwa ramin ya faɗo a gaɓar lanƙwasa ko ƙasa da ita. In haka ta faru sai a sa faranti mai saukowa ƙasa. Notin gado duka da maganin hana kwancewa, a ɗaure su da sifana mai awo bisa adadin da littafin babur ya faɗa.

Kafin tirak ɗin ya iso, abu biyu za ka tabbatar. Tazarar gaɓa ta dace da siforoket: namu 2.52 ne, kuma a kasuwa akwai mai 137 wanda tazararsa 2.86 ce, tsawon ya yi kusa amma ba zai hau haƙoranmu ba. Sai tsayin haƙoran roba. In ya zaɓi masu tsayi, ka auna sararin da ke tsakaninsu da lagireton da ke gaban rumfa. Idan bai isa ba, a sauko daga siforoket mai haƙori tara zuwa mai takwas, wanda kuma zai rage gudu ya ƙara ƙarfin ja, ya sa agogon gudu ya riƙa nuna fiye da gaskiya. Ga mai jan kaya wannan ragin alheri ne, domin dogon tirak ya fi nauyi, kuma ko ba a canza siforoket ba ni nakan rage haƙori ɗaya ko biyu a giyar sama ta akwatin sarƙa don kada bel ɗin kuloci ya riƙa ƙonewa.

Rumfa ita ma sai an ƙara mata tsawo, a mayar da bamba da fitilar baya da labulen roba. Kada ka raina labulen nan. Shi ke mayar da dusa cikin rumfa ta sanyaya lagireto, in ya yi nisa ko ya gajarta inji zai yi zafi.

Ranar haɗawa, tunda sai an buɗe akwatin sarƙa an zare shaf kafin tirak ya shiga, ka canza boris da roban mai a lokacin. Ka duba kibiyar da ke jikin tirak kada ka sa shi a juye. In an gama, a ɗaga baya a kan jak, a ɗaure bisa littafi, a tayar da inji tirak ya juya a hankali, a bar shi ya tsaya da kansa ba tare da birki ba, sannan a kashe inji a auna tazarar reli hagu da dama. Lokacin da yake juyawa, ba kai ba, ba kowa ba, kada a tsaya a bayansa.

Gwajin farko ni da kai za mu yi shi a filin bayan gareji, da sifana a aljihu. In kan ya yi nauyi, za mu saki maɗaurin hannun gaba da rami ɗaya mu sake gwadawa. Gobe da safe ka fara da wanke rumfar da cire kujera da tankin mai, ka yanko ƙarfen ma'aunin nan, amma injin huda ya zauna a akwatinsa sai na iso.