Me ya sa gyaran manhaja ba ya toshe ɓarakar da ke cikin cip?

Tambaya: Malam, ɗalibin injiniyan lantarki ne ni. Ina yawan jin cewa ƙirƙirarriyar basira ta sa tsaron cip ya zama babban lamari. Ashe ba manhaja ake yi wa kutse ba? Ina ruwan silikon?

Amsa: Ɗan'uwa, manhaja a kan cip, wato ɗan guntun silikon da ke yin lissafi a cikin na'ura, take zaune, kuma duk abin da cip ya gaya mata gaskata shi take yi. Kuskuren manhaja ana tura gyaransa ta intanet. Wanda aka buga a silikon kuwa ya zauna ke nan har na'urar ta mutu. Dubi Spectre da Meltdown, ɓaraka biyu a zanen masarrafa da aka bayyana a Janairun 2018. Don neman sauri, masarrafa takan yi hasashen umarnin da zai biyo baya ta fara aikinsa. In hasashen bai dace ba sai ta soke, amma sawunsa na nan a ƙaramar ma'adanar da ke kusa da ita. Mai kutse sai ya auna lokacin da karatu ke ɗauka, ya tsinto sirri. Facin manhaja ya rage haɗarin, ya kuma rage gudun injin. Ainihin maganin sai a sabon zane.

Abin da ƙirƙirarriyar basira ta canja shi ne darajar kayan da ke cikin cip. Biliyoyin lambobin da samfurin ƙirƙirarriyar basira ya koya yayin horar da shi su ne dukiyar, kuma sau da yawa GPU ɗaya, wato cip ɗin da ke gudanar da lissafin samfurin, na yi wa mutane da dama aiki. A 2024 kamfanin Trail of Bits ya nuna LeftoverLocals: wasu GPU na Apple da AMD da Qualcomm ba sa goge ma'adanarsu ta ciki bayan aiki ya ƙare, don haka wani shiri na iya karanta ragowar amsar da samfurin ya ba wani.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne Rowhammer, da aka sani tun 2014. Ƙwayoyin DRAM, ma'adanar da injin ke ajiye bayanai yayin aiki, sun matsu da juna sosai, har in aka yi ta buɗe layi ɗaya babu ƙaƙƙautawa, cajin layin maƙwabcinsa yakan tsiyaye, sifili ya koma ɗaya. A lambar samfuri mai bit 16 (kowane bit sifili ne ko ɗaya), in abin ya faɗa kan babban bit na ɓangaren da ke nuna girmanta, 'yar ƙaramar lamba sai ta zama gagaruma. Injin ba zai tsaya ba, ba zai yi ƙorafi ba, amsoshinsa ne kawai za su lalace. A 2025 masu bincike a Jami'ar Toronto sun gwada haka a kan GPU ɗin NVIDIA A6000. Kunna ECC, mai gyara bit ɗaya da ya juye, yana taimakawa, sai dai yana cin wuri da ɗan gudu.

A wajen zane, fara da tushen amana: ƙaramin ROM, wato ma'adanar umarni da ba ta canjuwa, wanda ke tantance sa hannun kowace manhaja kafin ta tashi, da makullan sirri da aka ƙone dindindin a fis ɗin cikin cip. OpenTitan da Caliptra, misalai biyu na tushen amana, zanensu a buɗe yake, ka karanta su. Ka kulle ƙofar gwaji ta JTAG kafin kaya su fita daga masana'anta, domin ta nan ake yawan shigowa. Ka kuma rarraba makulli da lambobin bazata yayin lissafi, saboda tun 1999 Paul Kocher da abokan aikinsa suka nuna ana gano makulli daga yadda cip ke jan wuta, yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira na sauƙaƙa tace wannan awon.

In ka sa ƙirƙirarriyar basira ta rubuta maka Verilog, harshen da ake zana da'irar cip da shi, kada cin gwajin aiki ya ruɗe ka. Gwajin yana duba ko da'irar ta yi abin da aka ce ta yi ne kawai. Rajistar da ta riƙe makulli bayan an sake kunna cip za ta ci wannan gwajin lafiya lau. Sai ka rubuta sharaɗi ƙarara cewa makulli ba zai taɓa isa wata ƙofar fita ba, ka tabbatar da shi ta hanyar lissafi kafin a tura zanen masana'anta.